Taku Takwas a Yadi Biyar

Jiya ina laluben batir a durowar kicin
sai bakin begilata ya gangaro,
ɗan ƙarfen nan mai sanyi, duk ya dafe.
Na ɗora shi a leɓe.
Leɓen ya riga ni gane shi.

Shekara talatin da tara ke nan.
Mu ɗari da ashirin da takwas,
daga wani gari a Wisconsin
da ba a san shi da komai ba sai injin takarda da ƙanƙara.
Bas uku, da motar abinci mai tarin tsohon mashayin sigari.
Mu kwana a daɓen makarantun da ba mu san sunansu ba,
mu tashi da zanen katako a kunci,
mu yi wanka da ruwan da ko doki sai ya yi tsaki.

Mista Dombrowski a saman tsani, da lasifika:
"A sake!"
Ba ya da wata kalma.
Taku takwas a yadi biyar, ƙafar hagu a gaba,
rana na gasa mana ƙeya a filin ajiye motoci
har kwalta ta fara riƙe takalmi.
"A sake!"
Leɓena ya tsage a Iowa, bai warke ba sai a Ohio.

Amma daren, wayyo daren!
Ƙofar filin wasa, duhun rami, warin ciyawa da man bawul,
Wendell a bayana yana kaɗa sanda a cinyarsa
don hannunsa bai iya zaman banza ba.
Sai fitilu.
Sai mutum dubu ashirin su yi tsit
kamar an ɗauke numfashin gari.
Mu juya baya, mu juyo,
mu sake musu ƙarar da ke ture mutum cikin kujerarsa.
Na ga wani dattijo a sahun gaba ya dafe hularsa.
Minti goma sha ɗaya.
Wata uku na gumi a kan minti goma sha ɗaya.

A daren ƙarshe iska ta juya.
Tutar Yolanda ta tashi sama, ta yi nata ra'ayin,
ta faɗo nesa da hannun da ke jiranta.
Alƙali na gefe, ya raɗa wa rikodarsa.
Muka tsaya ƙyam a jere, gashin hula na rawa,
aka karanto maki.
Kashi ɗaya cikin goma na maki guda:
tazarar da ke tsakaninmu da zagayen ƙarshe ke nan.
Ba a yarda ka motsa ba, ko hawaye sai ya bi layi.
Yolanda ba ta ci abinci ba har Indiana.
Wendell ne ya zauna kusa da ita, bai ce uffan ba,
yana kaɗa mata baya a hankali da yatsu biyu.

Shekarata ashirin da ɗaya, ƙa'ida ta sallame ni.
Na kwance fararen takalmana
na bar su a kan layin tsakiya, na fita da safa.
Ciyawar da raɓa. Wannan ban manta ba.

Yanzu Yolanda na gyaran haƙora a Duluth.
Wendell, an ce kunnensa ya tafi kafin shi,
mun binne shi bara, cikin ruwan sama.
Mu tara muka je.
Da aka ɗauki akwatin, ba wanda ya ƙirga,
ba wanda ya kalli wani,
amma duka da ƙafar hagu muka tashi.

Batir ɗin dai ban samu ba.
Na tsaya a kicin ina hura ɗan ƙarfen nan,
yana zuzun ƙudan zuma,
har kare ya fita ya bar mini ɗakin.